Na Kai Muryar Malam Damagaram

Da sunan Allah na ɗauki biro. Tun ranar da na sauka daga mota ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya tambaya, a gidan suna tambaya, a ajinmu na yaƙi da jahilci kuwa har karatu ya tsaya. "Innar Hadiza, yaya Nijar ɗin?" "Wai da gaske mata ne ke tuƙa babur?" "Shi yaron naki me yake koyo ne, waƙa ko gyaran rediyo?" Ni kuma kun san ni, in na fara ba da labari cikin mutane sai muryata ta shige ciki. Shi ne malamarmu ta ce tunda hannuna ya faɗa, in rubuta a karanta wa kowa sau ɗaya. To ga shi. Inda na yi kuskuren baƙi ku gyara, ba da ƙuruciya na koya ba.

Kafin in hau hanya bari in faɗi abin da na ɗauka, don ba yawon buɗe ido na je ba.

Waɗanda suka san mu a Aujara sun san maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, rakiyar shanu yake yi zuwa Kurmi. Yakan yi wata huɗu, wata biyar bai dawo ba. Shi ajami ya iya, ni kuwa a lokacin ko wanne ban iya ba, saboda haka kaset ne wasiƙarmu. Kaset ɗaya tal. Zai zauna a can ya yi magana a ciki ya ba direban motar shanu. In ya iso mu aro rakodar maƙwabta mu saurara sau biyu, sau uku, sannan in danna jan maɓallin nan in ɗora amsata a kan maganarsa, tasa ta goge, in mayar. Shi ma ya goge tawa. Shekara shida muna haka, bai taɓa zo mana a rai mu ajiye ko ɗaya ba. Wa yake ajiye gaisuwa? Na ƙarshen ya iso ranar Talata, labarin rasuwarsa ya iso ranar Asabar, ban riga na amsa ba. Abin da ya sa ya tsira ke nan. Duk duniya ba inda muryar Malam ta rage sai cikin wannan kaset.

Shekara bakwai ina sa shi, ƙaramar sallah da babba, da kuma duk ranar da ƙirji ya yi nauyi. Bara kaset ɗin ya fara ciwo. Muryar takan yi ƙasa ta ja kamar mai jin barci, rannan kuma rakoda ta kama zaren, sai da Hadiza ta zaro shi da tsinke ta naɗe da biro. Daga ranar ban sake sawa ba. Ina da shi, ina tsoron jinsa.

Ana nan sai yaron nan ya aiko. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san ɗan fari ne, yayan Hadiza nake cewa. Da a Dutse yake bin wani mai lasifika zuwa gidajen biki. Da aka ƙaddamar da shari'a kiɗa ya ja baya, aikin ya mutu. Gaskiya ban yi baƙin ciki ba, na ɗauka gona zai dawo. Ashe wani mutumin Damagaram mai ɗakin ɗaukar murya ya ga natsuwarsa, ya tafi da shi koyon aiki. Shekara ɗaya da rabi ban sa shi a ido ba. Saƙonsa shi ne, "A gaya wa Adda ta aiko da kaset ɗin Baba, akwai na'urar da in murya ta shiga ba ta tsufa. Kada ya sha rana, kada kuma ya kusanci lasifika, akwai maganaɗisu a cikinta mai shanye murya." Adda yake ce mini, don a hannun kakarsa ya tashi, yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu.

Na ce ba zan ba direba ba. Na ba direba shekara shida, wannan karon ni zan kai. Ƙanena Iro, mai cin kasuwar Maigatari, ya ce zai raka ni har can.

Mun tashi ranar Laraba da sassafe. Na naɗe kaset a hankici, na sa a tsohuwar hular Malam, na sa hular a ƙaramar samira na rufe. A Gujungu muka canja mota zuwa Gumel. Kun san tsarin yanzu, maza gaba, mata baya. Ina zama direba ya kunna wa'azi, sai na ji sautin yana fitowa daga ƙarƙashin cinyata. Ashe lasifikar motar a ƙarƙashin kujerarmu take! Na roƙi a canja mini wuri, aka ce ba wurin mace a gaba. Iro ya miƙo hannu ta saman kawunan mutane wai in ba shi, na kasa saki. Da na rasa yadda zan yi, sai na ɗora samirar a kaina na riƙe da hannu biyu, don nan ne ya fi nisa da lasifikar.

Wata tsohuwa mai daddawa da ke gefena ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "'Yata, a mota kike fa. Ita ce ke ɗauke da ke, ba sai kin taya ta ba."

Na ce, "Baba, ajiya ce."

"Zinare ne?"

"Kaset ne."

Ta juya wajen sauran matan ta ce, "Kun ji zamani. Mu da muna ɗora wa tuwon miji hannu biyu, su kuma kaset." Aka yi ta dariya. Haka na je Gumel, kafaɗuna kamar za su cire.

A Maigatari muka kwana gidan mai masaukin Iro. Matarsa ta ba mu tuwon gero miyar kuka, ba abin da ya bambanta da namu, har na ce a raina ashe iyakar ma ba wani abu ba ce. Washegari Alhamis ranar kasuwa, shanu da raƙuma ba a magana, na kau da kai daga wajen motocin shanu don kada in ga abin da zai tuna mini.

Iyakar kanta igiya ce da ganguna biyu. A ɓangarenmu ba a tsayar da mu sosai ba. A ɓangarensu wani jandarma dogo, wato ɗan sandansu, ya ce in kawo kardante. Iro ya raɗa mini katin shaida yake nufi. Na ba shi katin zaɓe, na haɗa da takardar shaidar ajinmu don ita ce mai hotona mai kyau. Ya juya ta ya yi murmushi, ya ce in buɗe samira. Ya zaro hula, ya zaro hankici, ya ɗaga kaset. Ba rubutu a jikinsa. Ya ce a kwanakin nan ana shigo da kasakasan wa'azi iri-iri, sai ya ji abin da ke ciki. Na hango rakodarsa a kan benci, an ɗaure murfinta da roba.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba wa'azi ba ne, ba waƙa ba ce. Wasiƙar maigidana ce, ya rasu, kuma zaren ya ruɓe. In ta cinye shi ba ni da wani."

Ya tsaya da kaset a hannu. Ya ce, "Daga ina ya aiko?"

"Daga Kurmi."

Ya ce, "Namu tsohon daga Abijan yake aikowa." Ya mayar da shi cikin hankici da kansa, naɗin ma ya fi nawa kyau, ya ce, "Tashi, Hajiya. Ki riƙe shi ta gefen inuwa." Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Daga nan a-kori-kura muka hau, maza da mata a haɗe, da buhunan gero da tunkiya biyu. Hanyar rairayi ce. Sau uku muna kafewa kafin Dungas, kowa ya sauko a tura, ni dai da hannu ɗaya na tura. A Dungas Iro ya sayo burodinsu, dogo kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi. Na tsoma a shayi ya yi daɗi. Hausarsu tamu ce, sai dai sun zuba mata nasu kayan. Wutar lantarki kuran suke cewa, kwamfuta kuma ordinata. Da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram, na ga manyan duwatsu a tsakiyar gari an jingina musu gidaje, sai na ji kamar Dutse aka ɗauko aka kawo.

Yana tsaye a tasha. Ya ƙara tsawo, wuyansa ya fito. Ya durƙusa ya ce, "Adda, sannu da hanya." Na dubi ƙafafunsa, silifas ɗin ba irin wanda ya tafi da shi ba ne. Abin da ke raina da yawa, amma ba a yi mu da haka ba. Na juya wajen Iro na ce, "Tambaye shi, ba ya cin abinci ne?"

Iro ya ce, "To ka ji. Tun daga Aujara abin da aka zo tambayarka ke nan."

An sauke ni gidan mahaifiyar maigidansa. Maigidan Alhaji Lawali ne, ita kuma kowa Hajiya Babba yake ce mata, mace mai jiki da murya. Ta tarbe ni da alkaki, wanda ban taɓa cin mai laushinsa ba, da kwaɗon zogale. Abin da na lura da shi a gidan, ruwa ya fi komai daraja. Da ƙaramin kofi ake ba ka na alwala, na wanke shinkafa kuma ba a zubarwa, akuya ake ba. Batun babur kuwa gaskiya ne, na gani da idona, jikar Hajiya ma tana da shi, da hijabinta da komai take hawa ta tafi makaranta.

Hajiya Babba ta ji ina cewa yayan Hadiza, yayan Hadiza, ta ce, "Ke har yanzu ba kya kama sunansa? Mu nan birni mun gaji mun saki. Lawali ɗan farina ne, in ban ƙwala masa kira ba wa zai sayo mini ruwa?" Ta ɗaga murya ta kira sunan yaron nan har sau biyu, wai in ji yadda yake da daɗi a baki. Na sunkuyar da kai ina dariya. Yana da daɗi kam. Ni na san daɗinsa tun ranar suna.

Ranar Juma'a da safe aka kai ni sutudiyo, haka suke kiran ɗakin. Ɗan ƙarami ne, an manne bangon duka da kwalin ƙwai, har na tambaya ko kaji suke kiwo. Alhaji Lawali ya ce a'a, don kada murya ta bugi bango ta dawo ne. Ana cire takalmi kamar masallaci, in za a ɗauka kuma a kashe fanka, kowa ya yi ta zufa. Yawancin aikinsu karatun malamai ne, da masu bege, da tallan da ake kai wa gidan rediyo.

Alhaji ya ce, "Hajiya, ɗanki wata shida ya yi yana naɗe waya da share ƙura kafin in bar shi ya taɓa na'ura. Yanzu kunnensa ya fara buɗewa. Nuna mata."

Yaron nan ya zauna gaban kwamfuta, ya sa hannu kan wani ɗan abu mai wutsiya da suke kira ɓera. Ya turo mini makirufo ya ce in yi sallama. Na yi. Sai ga wani kore-kore ya tsiro a gilashin, kamar ciyawar bakin fadama, wani wuri dogo wani wuri gajere.

Ya ce, "Muryarki ke nan, Adda. Nan salamu, nan alaikum. Inda ya kwanta ya zama layi, nan kika yi shiru."

Ya nuna mini wasu fitilu a gefe masu hawa da sauka. In suna kore lafiya, in suka taɓa ja murya ta ƙone, ba ta gyaruwa. Ya shafa wani yanki da ɓeran ya yi fari, ya danna, sai alaikum ta ɓace. Ya sake dannawa ta dawo. Ni da na fara riƙe fensir da furfura a kaina, na san daɗin ranar da zane ya zama magana. Na matsa kusa. Kafin a tafi masallaci na iya gane inda aka ja numfashi da inda aka yi tari, don tari tsini gare shi kamar ƙaya.

Alhaji ya ce, "Amma duk wannan wasa ne. Karatun farko, faɗa mata."

Yaron ya ce, "Kafin ka taɓa, ka ajiye uwa."

Wato in an ɗauki murya, sai a ajiye ta yadda ta zo a wuri daban, ba mai taɓa ta, ita ce uwa. A kwafi wata a yi ta yanka a kai. In an yi ɓarna sai a koma wa uwa.

Ranar Asabar aka sa kaset ɗin Malam. Alhaji da kansa ya goge cikin rakodarsu da auduga, ya duba zaren a haske ya girgiza kai, ya ce sau ɗaya zai iya wucewa, mu yi addu'a. Aka haɗa waya, aka danna. Sai ga shi. "Assalamu alaikum, mutanen gida." Ciyawar nan ta fara tsirowa tana tafiya. Ban san lokacin da na kama gefen kujera ba. Ya yi maganarsa har ƙarshe, minti goma sha ɗaya, ya yi sallama. Da aka buɗe rakodar sai aka tarar ashe gefe ɗaya na kaset ɗin ya daina juyawa tun tuni, zaren yana wucewa yana tarewa a cikin na'ura. Wajen zaro shi ya miƙe, ya tsinke wuri uku, ya zama kamar taliyar da aka taka. Alhaji ya ce, "Ya yi aikinsa, ya kai saƙo. Yanzu yana cikin nan." Ya dafa kwamfuta. Na tattara zaren na mayar cikin hula.

A ranar aka zo ɗaukar Alhaji zuwa wani ƙauye ɗaukar karatu, kwana biyu zai yi. Yana sa takalmi a bakin ƙofa ya waiwayo ya ce wa yaron, "Uwa fa." Ya ce to.

Lahadi da hantsi na koma, Iro ya tafi kasuwa. Na tarar yaron nan tun bayan sallar asuba yake zaune a kai, fuskarsa sai walƙiya take. Ya ce, "Adda, zauna ki ji abin da na iya." Ya ɗora mini abin saurare a kunne, ya danna.

Muryar ta fito tas, ba shuuu ɗin nan na kaset, kamar yana cikin ɗakin. Amma tun kafin a yi nisa na ji wani abu. Wannan mutumin sauri yake yi. Malam bai taɓa sauri a magana ba. Ba tarin nan nasa na mai cin goro, ba kukan shanu a bayansa, ba jan numfashi. Ya gaida mahaifiyarsa, ya gaida ƙannensa, ya gaida Iro, ya zarce kan Hadiza ba tsayawa, kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Muryarsa ce, amma ba shi ba ne.

Na cire abin kunnen na ce, "Ina wajen da ya tsaya?"

"Wane waje, Adda? Ai ya tsaya wuri da yawa, duk na cire. Ba komai a ciki, iska ce."

"Kafin Hadiza."

Ya ce, "Wannan ai shi ya fi tsawo, sakan tara cur. Da shi na fara." Sai ya yi wata 'yar dariya yana kallon gilashi. "Ni dama na haddace kaset ɗin nan tun ina yaro. Ya gaida kowa, har jar akuya ya tambaya ko ta haihu. Ni kaɗai ne ban samu shiga ba."

Jama'a, na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Shekara da shekaru yaron nan yana zama a bakin ƙofa duk ranar sallah yana saurare tare da mu, ashe abin da yake ji ke nan. Ni na ɗauka ya sani. Wa zai gaya masa? Uban ba zai faɗa ba, ni ba zan faɗa ba, kakarsa kuma ta ɗauka abin a fili yake.

Ba Iro da zan bi ta kansa. Na dubi gilashin, don ba zan iya duban fuskarsa ba, na ce, "Kowane kaset, shekara shida, in ya gama da manya ya zo kan 'ya'ya, a nan yake tsayawa. Ya tsaya, ya gyara murya, sannan ya ce da su Hadiza. Ni ma in zan amsa, a nan nake tsayawa, shi kuma ya gane lafiya lau ake. Ba iska ba ce." Na ƙara da cewa, "Nan wurinka ne."

Can na ce, "Ba komai, a ɗauko uwar."

Ya sa hannu biyu a ka. Bai ajiye ba. Ɗoki ya ɗebe shi, yana son in zo in tarar da abin mamaki, ya hau yanka a kan guda ɗayan da ke akwai, har ya danna ajiya a kanta. Kaset kuwa yana cikin hula a tsittsinke.

Ban yi faɗa ba, ban iya ba ma. Na ce, "Rannan na ga alaikum ta ɓace ta dawo."

Ya ce akwai komawa baya, taki ɗaya-ɗaya, muddin ba a rufe aikin ba, kuran kuma bai ɗauke ba. Amma bai san iya nisan da na'urar ke tunawa ba, ga shi yankan da yawa, na wurin nan kuma shi ne na farko, don haka shi zai zo ƙarshe. Ya kai hannu cikin gaggawa, ya danna wani abu daban har wani akwati ya fito a gilashin. Ya janye da sauri kamar ya taɓa wuta.

Na ce, "Nuna mini."

Maɓalli biyu ne ake haɗawa. Ya danne na ƙasa da yatsansa ya riƙe, ni kuma na sa nawa a kan ɗayan. Na yi bisimilla na danna. Wata 'yar ƙaya ta tsiro can wajen ƙarshe. Ya ce, "Tari ne." Na sake dannawa, saniya ta dawo. Na sake, hon ɗin wata mota. Haka muka yi ta yi, ina dannawa yana faɗa mini abin da ya dawo, ciyawar tana ƙara tsawo, Malam yana komawa mai nawarsa. Shuuu ɗin ma ya dawo, na ce a bar shi, da shi na saba. Fanka ta yi wani rage gudu sau ɗaya, mu duka muka ɗaga kai muka dube ta, ba wanda ya yi numfashi sai da ta ɗauka. Aka kira azahar muna kai. Tun da aka yaye shi ban taɓa zama kusa da shi haka ba, kafaɗa na gogar kafaɗa. Na daina ƙirgawa bayan sittin.

Sai na danna wani, ciyawar ta tsage gida biyu daga farko-farko, wani dogon layi ya kwanta a tsakani. Ban jira ya faɗa ba, na gane shi da idona. Na ɗauke yatsa.

Ya ce, "Kada ki taɓa komai, Adda." Ya buɗe wajen ajiya, sannan ya turo mini allon baƙaƙen ya ce in sa mata suna da hannuna. Baƙaƙen a warwatse suke, ba a jere kamar na ajinmu ba, sai da na yi ta nema. Na rubuta MALAM. Ya ajiye wuri biyu.

Daga nan ya kwafi wata, ya shafa layin nan shi kaɗai, ya ƙara masa ƙarfi sosai, ya sa abin saurare a kunnensa. Ina ganin fuskarsa ta gefe. Ya maimaita sau uku, sannan ya miƙo mini, ya tashi ya fita ko takalmi bai sa ba. Na saurara. Ashe ba shiru ba ne. Akwai jan numfashi, akwai buɗe baki kamar za a faɗi wani abu, sai kuma 'yar dariyar nan ta hanci. Wadda Malam yake yi in ya hango yaron ya dawo da shanu daidai, sai ya kau da kai don kada a gani. Shekara bakwai ina jin kaset ɗin nan, rakodar maƙwabta ba ta taɓa fito mini da ita ba.

Ban bi shi waje ba. Na bar shi da ubansa.

Da Alhaji ya dawo, yaron da kansa ya faɗa masa abin da ya yi. Alhaji ya ce sati biyu ba zai taɓa ɓera ba, ya koma naɗin waya. Da ya fita sai ya ce da ni, "Hajiya, ni na taɓa goge karatun wani malami na kwana uku, bai dawo ba. Wannan ba zai sake mantawa ba har ya mutu."

Ranar da za mu taho, Alhaji ya ɗaga masa hukuncin na minti biyar, don ya roƙa in bar masa murya. Aka kashe fanka. Na tsaya gaban makirufo ban san me zan ce ba, sai bakina ya bi hanyar da ya saba. Na yi sallama. Na ce kaka tana lafiya sai ciwon gwiwa, gero ya yi kyau bana, Iro yana nan da surutunsa, jikar jar akuya ta haifi biyu. Na zo kan 'ya'ya, na tsaya. Na daɗe. Sannan na ce, da su Hadiza, duk muna gaisuwa.

Na ga layin ya kwanta a gilashi, dogo. Hannunsa na kan ɓera, bai kai kansa ba. Ya ajiye uwa, sannan ya ce, "Ta ɗauku, Adda."

Dawowa ba abin faɗa, sai dai jandarman nan ba shi ne a bakin igiya ba, na so in gaya masa saƙo ya isa. Na zo da sababbin kaset biyu da aka zuba muryar Malam a ciki, da wani faifai mai ƙyalli kamar madubi wanda duk Aujara ba mai abin sa shi. Yana cikin samira tare da tsohon zaren. Yaron ya ce zai zo babbar sallah in aiki ya bari. Ban ƙirga kwanakin a fili ba, amma na san su.

Masu tambaya me yake koyo, abin da na gani ke nan. Wadda take son jin muryar Malam ta zo ranar Juma'a bayan la'asar, zan aro rakoda. Abu ɗaya nake roƙo. In ya gama gaida manya kuka ji ya ɗauke, kada wadda ta ce batir ne ya mutu, kada wadda ta kai hannu. Ku dai jira shi, zai ci gaba.